Ciwon Ciki da Fitar Baya ga 'Yan Kyanwa

Bayani domin Hakimai da Dagatai da Malamansu na ƙasar Rano da Kibiya

1. DALILIN WANNAN BAYANI

Mai yiwuwa ne Hakimi ya ga kan wannan takarda ya yi mamaki, ya ce ina ruwan sarauta da zawon ɗan kyanwa, alhali ga maganar gonaki da burtali da ta makarantu suna jiransa. Amsar tana cikin rumbu. Jama'ar Kibiya da Tarai da Fammar da Durba da Kahu, da sauran garuruwan da ke cikin Masarautar Rano, yawancinsu manoma ne. Abin da suka noma da damina, dawa da gero da masara da wake da gyaɗa, shi za su ci har wata kakar ta kewayo. Babban maƙiyin wannan ajiya kuwa shi ne ɓera. Macen ɓera kwana 21 zuwa 23 kurum ta ke yi da ciki, ta haifi 'ya'ya da yawa, su kuma kafin wata uku sun isa haihuwa.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa ta ƙasar Barno a 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta hanyar fitsari da kashin da ya ke zubawa cikin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarinta na tsare kai daga wannan ciwo, ta sa ajiye kyanwa a gida, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga wurin kwana. Guba tana kashe ɓera, amma ta kan haɗa da kaji, wani lokaci har da yara. Kyanwa kuwa, ko mage kamar yadda Kanawa suka fi kiranta, mai gadi ce wadda ba ta karɓar albashi.

To, kyanwa ta kan haihu sau biyu ko uku a shekara, 'ya'ya uku zuwa biyar a ciki ɗaya, amma kowa ya san ba dukansu ke girma ba. Da yawa su kan mutu tun ba su cika wata uku ba, sau da yawa kuma ta ciki mutuwar ke shigowa: zawo, da amai, da kumburi, daga baya dubura ta fito. Abin da a ke so a fahimta shi ne, fitar baya, wadda ta fi ba mutane tsoro, reshe ce, saiwar tana cikin hanji. Wanda ya tsare ɗan kyanwa daga tsutsa da mugun abinci da rabuwa da uwa da wuri, da wuya ya ga bayansa ya fita. Har wa yau, tsabtar da ke ceton ɗan kyanwa ita ce ke tsare yaran gidan daga waɗansu cututtuka da za a ambata a gaba.

2. MAKO TAKWAS NA FARKO

Kyanwa ta kan yi kamar kwana 63 zuwa 65 da ciki. Ɗan da ta haifa nauyinsa wajen gram 100 ne, watau kamar ƙwai biyu na kajin gidan gona. In yana lafiya ya kan ƙaru da gram 10 zuwa 15 kowace rana, kafin kwana goma ya ninka nauyinsa. Idanunsa su kan buɗe tsakanin kwana 7 da kwana 14. Duk ɗan da ya kwana biyu bai ƙaru ba, ko ya ware daga 'yan'uwansa yana ta kuka, to, da abin da ke damunsa.

Akwai abubuwa uku da uwa ke yi masa waɗanda ba ya iya yi wa kansa. Na farko shi ne dakashi, watau nonon fari. A cikinsa ne garkuwar da uwa ta tara ta ke, kuma hanjin jariri ba ya iya ɗaukar wannan garkuwa sai a cikin yini da kwana na farko. Wanda ya rasa dakashi ya shigo duniya ba kariya. Na biyu shi ne ɗumi. Kafin mako uku ko huɗu jikinsa ba ya riƙe zafi, in kuwa ya yi sanyi hanjinsa ya kan tsaya, abin da aka ba shi ya ruɓe a ciki. Sabo da haka 'ya'yan da aka haifa da hunturu sun fi bukatar kwando da tsumma a lungun da iska ba ta shiga. Na uku shi ne lasa. Ɗan kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai wajen mako uku. Lasar da a ke ganin uwa tana yi wa cikinsa da gindinsa bayan ya sha nono, ita ce ke sa ya yi.

Daga mako huɗu ya kan soma lasar abinci, amma yaye ba ya cika sai mako takwas. Nan ne a ke yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Da zarar idon ɗan kyanwa ya buɗe, ya soma tafiya, sai maƙwabta su aiko yara, a raba 'ya'yan tun suna mako uku ko huɗu. Wanda aka ɗauka a wannan lokaci an raba shi da abincinsa da bargonsa da ungozomarsa gaba ɗaya. Lalle ne a bar shi wurin uwa har ya cika wata biyu.

3. ABINCIN DA KE ƁATA CIKI

Kyanwa maciyar nama ce tun asalin halitta. Hanjinta gajere ne, ba a yi shi don tuwo da kunu ba. Akwai wani sinadari a cikin nama da kifi, ana ce da shi taurin, wanda jikin kyanwa ba ya iya haɗa abin da zai ishe shi. Masu bincike sun gano a 1975 cewa rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma aka gano yana lalata mata zuciya. Babbar kyanwa ta kan cike wannan giɓi da ɓera da ƙadangare da fara. Ɗan da bai iya farauta ba kuwa, in ba a ba shi kome ba sai ragowar tuwo, zai rame, cikinsa ya kumbura.

Abin da ya kamata a ba shi daga mako huɗu shi ne dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen nama, ko dafaffen ƙwai, a murmushe da ɗan ruwan ɗumi, kaɗan kaɗan sau huɗu a yini. Ana iya haɗawa da ɗan tuwo ko shinkafa, amma kada su rinjayi naman. A ajiye masa ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi. Kada a ba shi miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa wa kyanwa jini, barkono kuma yana ƙona hanji. Kada kuma a jefa masa mushen kaza. Murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, tana kama kyanwar da ta ci tsuntsu mai ciwon.

Mutane da yawa suna zaton madarar shanu ita ce gatan ɗan kyanwa. Ba haka ba ne. Madarar shanu ta fi ta kyanwa tsinkewa, ba ta kai ta maiƙo da abin gina jiki ba, sa'an nan sukarin da ke cikinta ya kan fi ƙarfin hanjinsa, musamman bayan yaye. Wanda bai narke ba sai ya jawo ruwa cikin hanji, zawo ya ɓarke. Madarar gwangwani mai zaƙi ta fi muni.

In uwa ta mutu, dabarar da ta fi ita ce a nemi wata kyanwa mai shayarwa a unguwa a haɗa mata marayun, gama galibi ta kan karɓa. In ba a samu ba, akwai madarar gari da aka yi musamman don 'yan kyanwa, a tambayi malamin dabbobi. Kafin a same ta, ana iya riƙe su kwana ɗaya ko biyu da dafaffiyar madarar akuya da aka kaɗa da gwaiduwar ƙwai. A ba su da ɗumi, bayan kowace awa biyu ko uku, suna kwance rub da ciki yadda su ke shan nonon uwa. In aka kwantar da ɗan kyanwa rigingine aka ɗura masa, madarar ta kan sarƙe shi ta shiga huhu. Bayan kowane sha a jiƙa auduga da ruwan ɗumi, a shafa masa gindi a hankali har ya yi fitsari da kashi.

4. TSUTSAR CIKI

Tsutsa iri uku ce ta fi damun 'yan kyanwa.

Ta farko ita ce doguwar tsutsa mai kama da taliya, wadda tsawonta ya kan kai inci uku ko huɗu. 'Ya'yanta su kan kwanta cikin naman uwa, in ta haihu su bi ta cikin nono su shiga jariri. Sabo da haka ɗan da bai taɓa taka ƙasa ba ma yana iya samunta. Alamarta ita ce tulun ciki da ƙashin baya a fili, da gashi a hargitse, da zawo. Wani lokaci ya amayo ta, in kuma ta yi yawa ta kan dunƙule ta toshe hanji.

Ta biyu ita ce ƙaramar tsutsa mai ƙugiya, wadda ke maƙale wa bangon hanji tana shan jini. Kashin ya kan yi baƙi kamar kwalta, dasashi ya yi fari. Tana son ƙasa mai laima, don haka ta fi yawa da damina.

Ta uku ita ce tsila. Wata irin ta kan shigo ta hanyar ƙuma, in ɗan kyanwa ya haɗiye ta garin lasar jiki, wata irin kuma ta hanyar cin ɓera. A kan ga gaɓoɓinta a bakin dubura kamar ƙwayar shinkafa, suna motsi, ɗan kyanwan yana jan gindi a ƙasa don ƙaiƙayi.

Ban da waɗannan akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ɗaya daga cikinsu, koksidiya, 'yar'uwar wadda ke sa kashin jini ga kaji ce. Tana sa zawo mai majina da jini, da yawan yunƙuri, kuma maganin tsutsa ba ya kashe ta. Wannan shi ya sa a ke son a kai ɗan kashin a leda mai tsabta, a duba kafin a ba da magani.

Ka'idar maganin tsutsa ita ce a fara tun suna mako uku, a maimaita bayan kowane mako biyu har a yaye su, sa'an nan wata wata har su cika wata shida. A ba uwar ita ma tare da su. Magungunan da a ke amfani da su, irin su firantel da fenbendazol, da furazikwantel don tsila, da awon nauyi a ke ba da su, malamin dabbobi ne zai auna. Kada a gutsuro ƙwayar maganin tsutsa ta shanu ko ta tumaki a ba ɗan kyanwa. Ƙuma kuwa, a taje ta da matajin da ke da ƙananan haƙora, a wanke shimfiɗarsu a shanya a rana. Fiya-fiya da kananzir da maganin kaska na shanu duk guba ne ga kyanwa, gama abin da aka shafa mata sai ta lashe shi.

5. ANNOBAR KYANWOYI

Akwai wata cuta da ta kan share 'yan kyanwar unguwa cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar bairus ce ke kawo ta, an gane haka tun 1928. 'Yar'uwarta ce ta ɓulla ga karnuka a 1978 tana kashe kwiyakwiyai da zawon jini. Tana cin bangon hanji, tana kuma kashe fararen ƙwayoyin jini waɗanda ke yaƙi da cuta. Bayan kamuwa da kwana biyu zuwa goma sai a ga zazzaɓi, da ƙin abinci, da amai, sa'an nan zawo mai wari. A kan ga ɗan kyanwa ya zauna ya sunkuyar da kai bisa kaskon ruwa, amma ba ya sha. Ƙananan da ba a yi wa magani ba yawancinsu mutuwa su ke yi.

Wannan cuta ba ta kama mutum. Amma ƙwayarta tana da taurin rai, ta kan yi shekara guda a ɗaki ba ta mutu ba, kuma mutum na iya kai ta wani gida a tafin takalmi. Sabulu kaɗai ba ya kashe ta. Sai a wanke wurin, sa'an nan a zuba ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo 32 na ruwa, a bar shi minti goma. A ƙone tsummokaran, a binne gawa da zurfi. Kada a yi gaggawar kawo sabon ɗan kyanwa gidan sai wanda aka yi wa allura. Allurar rigakafinta ana fara ta a mako takwas ko tara, a maimaita bayan mako uku ko huɗu har ya cika mako 16.

6. ZAWO DA BUSHEWAR JIKI

Ko mene ne ya kawo zawo, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Halittar da ba ta kai rabin kilo ba ba ta da ajiya, yini ɗaya ya isa. Alamunsa su ne dasashi ya bushe ya yi danƙo, fitsari ya yi ja, ido ya faɗa, in kuma aka ja fatar ƙeya aka saki sai ta tsaya ba ta koma da sauri ba.

Taimakon farko shi ne ɗumi. A naɗe shi da tsumma, a jingina shi da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane. Kada a ba shi abinci jikinsa na sanyi. In ya yi laushi a shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi. Da ya ɗumama sai a riƙa ɗiga masa ruwan gishiri da sukari irin na ƙunshin da a ke ba yara masu zawo, ɗigo ɗigo ta gefen baki. A wanke masa gindi da ruwan ɗumi a tsane, domin zawo yana saɓule fata, da damina kuma ƙuda ya kan yi ƙwai a wurin, tsutsa ta ƙyanƙyashe. In akwai jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zawon ya wuce yini ɗaya, a kai shi ga malamin dabbobi.

A yi hattara da maganin mutane. Farasitamol, wanda a ke sayarwa da sunan Panadol da waɗansu sunaye, ko gutsure ɗaya yana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

7. FITAR BAYA

Ɗan kyanwan da ya kwana biyu yana yunƙuri, ko don zawo ko don tsutsa ko don taurin kashi, naman da ke riƙe da duburarsa ya kan saki, ƙarshen hanji ya juyo waje kamar yadda aljihu ke juyowa. Da fari bakin duburar ne kurum ke yin ja ya turo bayan kashi, sa'an nan ya koma. In ba a kula ba sai jan nama ya fito kamar ɗan yatsa, ya ƙi komawa. Mutane su kan ce basir ne, su nemi jiƙo. Wannan hanji ne mai rai, kuma lokaci yana cinsa. Bakin dubura ya kan shaƙe shi, ya kumbura, ya bushe, ya rikiɗe daga ja zuwa shuɗi, daga shuɗi zuwa baƙi. In ya yi baƙi ya mutu ke nan.

Ga abin da za a yi nan take:

(a) A wanke hannu. A tafasa ruwa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a wanke naman a hankali.

(b) A barbaɗa masa sukari mai tsabta ko a shafa zuma, a bar shi kamar minti 15. Sukari ya kan zuƙe ruwan kumburin, naman ya motse.

(c) A rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, kada a bari ya bushe. A raba shi da uwar da 'yan'uwansa, gama su kan lasa har su tauna.

(d) A kai shi ga malamin dabbobi a ranar. In tafiyar da nisa, naman kuma yana ja, ana iya shafa Vaseline marar turare a yatsa a gwada mayarwa a hankali sau ɗaya. In ya ƙi, a bari, kada a tilasta.

Kada a yanke, kada a ɗaure da zare, kada a sa toka ko kanwa ko barkono ko baƙin mai.

Likita ya kan sa masa maganin barci, ya mayar da hanjin, ya yi wa bakin duburar ɗinki irin na zariyar wando, ya bar 'yar ƙofa da kashi mai laushi zai wuce. A kan cire ɗinkin bayan kamar kwana biyar zuwa bakwai. In naman ya mutu sai a yanke shi a haɗa, wannan kuwa aiki ne na asibiti, irin su asibitin dabbobi na Kundila da na Gwale a Birnin Kano, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an mayar da hanji ba a kashe tsutsar ko a gyara abincin ba, da an cire ɗinki zai sake fitowa.

8. TAURIN KASHI DA TOSHEWA

Ba duk mai yunƙuri ne ke zawo ba. Wani kashin ne ya bushe masa, sabo da ƙarancin ruwa da bazara, ko cin ƙashi, ko don maraya ne ba a shafa masa gindi. Wani kuma busasshen kashi ne ya haɗu da gashi ya liƙe ƙofar, wannan da ruwan ɗumi a ke jiƙa shi a cire. In ya kwana biyu bai yi kashi ba, cikinsa ya yi tauri, a kai shi a duba. Kada a ɗura masa man gyaɗa ko manja, domin in ya sarƙe shi huhu ya ke tafiya.

A gidajen da a ke ɗinkin hula ko saƙa, a kula da zare da allura. Ɗan kyanwa ya kan yi wasa da zare ya haɗiye, zaren ya tattare hanji yana yankansa daga ciki. In an ga zare ya leƙo ta dubura, kada a ja shi ko kaɗan.

Akwai kuma wanda a kan haifa ba ƙofar dubura, kamar yadda makiyaya su kan gani jefi-jefi ga maruƙa da 'yan tumaki. Cikinsa ya kan yi ta kumbura, ba a taɓa ganin kashinsa ba. Wannan ba shi da magani sai fiɗa. Yana da kyau a ɗaga wutsiyar kowane jariri a duba tun kwanakin farko.

9. ABIN DA YA SHAFI MUTANE

Kyanwa ta kan binne kashinta a yashi mai laushi, watau inda yara ke wasan ƙasa. Ƙwan doguwar tsutsa ya kan nuna a cikin ƙasa bayan mako biyu zuwa huɗu, ya kuma daɗe da rai shekaru. Yaron da ya kai ƙasar baki, tsutsar ba ta girma a hanjinsa, amma 'ya'yanta su kan yi yawo cikin hanta da huhu, wani lokaci su shiga ido su ɓata gani. Likitoci a Amurka suka fara bayyana wannan a 1950 da 1952. Tsutsa mai ƙugiya kuma ta kan shiga fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta bar wani jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya kamar sawun maciji.

Akwai kuma toksofilasma, wadda aka gano a 1908, a 1970 kuma aka tabbatar cewa cikin hanjin kyanwa ta ke hayayyafa. Yawanci ƙaramar kyanwa ce ke zubar da ita, na mako ɗaya zuwa uku. Ga mai lafiya ba ta cika yin lahani ba, amma in mace ta fara kamuwa tana da ciki, tana iya yin ɓari ko ta haifi ɗa mai lahani a ido ko a ƙwaƙwalwa. Ana kuma samunta ta cin naman da bai dahu ba. Ƙwanta ba ya kama mutum sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje, sabo da haka kwashe kashi kullum yana yanke hanyarta.

Wannan ba dalilin korar kyanwa ba ne. Abin yi shi ne a keɓe mata wurin kashi nesa da madafa da rijiya, a kwashe kowace safiya a zuba a masai ko a binne, mai ciki kada ta yi wannan aiki, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Wanda kyanwa ta ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, ya tafi asibiti, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa.

10. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Sarauta ba baƙuwa ba ce ga aikin lafiyar dabbobi. Sa'ad da aka soma babban gangamin allurar bushiya a 1962, ta bakin Hakimai da Dagatai da Arɗo makiyaya suka ji suka fito da shanunsu, a 2011 kuma aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya. Wannan aikin na 'yan kyanwa ƙarami ne a kan wancan, amma hanyar ɗaya ce.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa Dagatai da masu unguwanni wannan bayani, su kuma su isar wa magidanta, musamman da kaka, lokacin da a ke cika rumbuna. Saƙon da za a maimaita shi ne: kada a raba ɗan kyanwa da uwarsa kafin wata biyu, kada a ba shi madarar shanu ko maganin mutane, a ba shi maganin tsutsa tun yana mako uku, in baya ya fita a kai shi a ranar. Haka kuma in ma'aikatan dabbobi za su zo allurar awaki da tumaki, yana da kyau a nemi su taho da maganin tsutsa na kyanwa, a yi shela masu ita su kawo.

Malaman Hakimai kuwa, in labari ya zo cewa kyanwoyi suna mutuwa da yawa a gari, su rubuta ranar, da sunan garin ko unguwar, da yawan waɗanda suka mutu, manya ne ko ƙanana, da alamun da aka gani. Su tambaya ko an sa gubar ɓera kwanan nan, ko kaji ma suna mutuwa, ko an ciji wani. Su aika da rahoton ga sashen aikin gona da dabbobi na Ƙaramar Hukuma ba da jinkiri ba. In ƙanana ne kaɗai ke mutuwa da amai da zawo, an fi zaton annobar nan ce. In manya da ƙanana ne suka faɗi rana ɗaya, an fi zaton guba. In kuwa tare da kaji ne, wannan magana ce ta gaggawa.

Malamai sun san cewa sahabin nan Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, daga 'yar kyanwar da ya ke kiwo ya samo wannan laƙabi, tausayin wannan dabba kuwa abu ne da jama'a suka gada. Abin da ya rage shi ne a haɗa tausayin da sani. Rigakafi ya fi magani.